Ƙugiya Mai Sutura: Sana'ar Ɗaura Ƙwaron Gashi da Makomar Su a Fadamar Haɗejiya



GABATARWA

Abin da wannan lacca za ta yi magana a kai ƙaramin abu ne ƙwarai, wanda sau da yawa tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba. Ƙugiya ce ta kamun kifi wadda aka yi wa sutura da zare da gashin tsuntsu, har ta ɗauki kamannin ƙwaro ko na ɗan kifi. A nan za a kira ta ƙwaron gashi. A ƙasashen Turai da Amurka da Japan ɗaura irin wannan ƙugiya sana'a ce mai zaman kanta, mai gwanaye da littattafai da kasuwa. A fadamar Haɗejiya kuwa ba ta cikin kayan aikin da aka san masunta da su, waɗanda suka haɗa da taru da birgi da koma da mamari da gura da fatsa. Saboda haka mai sauraro yana da damar ya tambayi dalilin kawo zancenta gaban ɗalibai da ma'aikata.

Dalilai biyu ne. Na farko, ba wanda zai iya ɗaura ƙwaron gashi mai kama kifi sai ya san abin da kifi yake ci, da lokacin da yake ci, da wurin da yake tsayawa, wannan sani kuwa shi ne ginshiƙin duk wata dabarar tattalin kifi. Na biyu, ruwan da kifin Haɗejiya da abincinsa suke rayuwa a ciki ya daɗe da komawa hannun hukuma, watau masu buɗe ƙofar madatsar ruwa da rufe ta. Waɗansu daga cikin masu sauraron wannan lacca su ne za su riƙe waɗannan ofisoshi gobe.

ASALIN SANA'AR

Daga cikin mafi daɗewar labaran da aka rubuta game da wannan dabara akwai na wani marubucin Rumawa mai suna Aelian, wanda ya rayu wajen shekara ta 200 Miladiyya. Ya ba da labarin mutanen ƙasar Masedoniya, waɗanda suka lura kifin wani koginsu yana son wani ƙwaro mai shawagi bisa ruwa, amma da zarar an taɓa ƙwaron da hannu sai ya lalace, kifi ya ƙi shi. Sai suka riƙa naɗa jan ulu a jikin ƙugiya, su ɗaura gashin zakara guda biyu, su jefa. A 1496 aka buga wani littafi a Ingila wanda ya lissafa ƙwarin gashi iri 12, ya kuma raba su bisa watannin da ake amfani da kowanne. A 1836 wani Bature mai suna Alfred Ronalds ya fitar da littafi wanda ya zana hoton ƙwarin kogi na gaskiya, kowanne tare da kwaikwayonsa na gashi a gefe. Daga nan sana'ar ta ƙulla zumunci da ilmin sanin ƙwari, zumuncin da bai yanke ba har yau. Mutanen duwatsun Japan su ma sun ƙago tasu dabarar, da doguwar sandar gora da zare da gashin kaza, suna kama kifin rafi domin ci da sayarwa.

Abin lura a nan shi ne, matsalar da ta haifi sana'ar matsala ce da kowane yaro mai fatsa a bakin kogin Haɗejiya ya sani. Tana tana wuyar samu da rani. Shinge ba ya fitowa sai bayan ruwan farko, in an maƙala shi a ƙugiya kuwa nan da nan ya saɓule. Fara takan mutu ta daina motsi. Ƙwaron gashi ba ya mutuwa, ba ya ruɓewa, guda ɗaya kuma yana iya kama kifi da yawa kafin ya tsinke.

YADDA AKE ƊAURAWA

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai ƙaramin ƙarfen matsi wanda yake riƙe ƙugiya a tsaye, da almakashi mai tsinin baki, da zare siriri mai ƙarfi, da siririyar waya, da gashin tsuntsu ko na dabba, da ɗan manne domin rufe ƙulli. Girman ƙugiya da lamba ake sanin sa, kuma lambar a juye take: mai lamba 16 ƙarama ce ƙwarai, mai lamba 2 babba ce, in an wuce lamba 1 sai a shiga 1/0 da 2/0 zuwa sama, waɗanda ake ɗaura wa manyan kifaye.

Mai ɗauri yakan fara da naɗa zare daga kusa da idon ƙugiya zuwa inda ta fara lanƙwasa, domin abin da za a aza a kai kada ya zame. A nan yake ɗaura 'yan silayen gashi su zama wutsiya. Sa'an nan ya komo gaba yana naɗa ulu ko gashi mai laushi, ya yi jiki mai kauri a gaba, siriri a baya. Bisa jikin yakan zagaya waya sau biyar ko shida, ta ba shi gaɓoɓi irin na ƙwaro, ta kuma kare shi daga haƙoran kifi. Bayan wannan sai fiffike, sai kuma aikin da ya fi kowanne neman gwaninta, watau naɗa gashin wuyan zakara a tsaye kewaye da ƙugiya, yadda silayensa za su baje kamar ƙafafu. Daga ƙarshe ya tara zare ya yi kai, ya ƙulle, ya ɗiga manne.

Ana iya kasa ƙwarin gashi kashi huɗu. Akwai mai tsayawa bisa ruwa, wanda silayen gashin zakara suke tokare shi, kamar yadda allura take kwanciya bisa ruwa in an aza ta a hankali. Akwai mai nutsewa, wanda yake kwaikwayon tsutsar ƙwaro kafin ta yi fiffike, kuma shi ne ya fi kama kifi a yawancin koguna, domin mafi yawan cin kifi a ƙarƙashin ruwa yake. Akwai dogo mai kamannin ɗan kifi, wanda ake ja da fizga. Akwai kuma wanda ake yi da abu marar nauyi kamar toto, ya riƙa fantsama ruwa kamar kwaɗo ko fara da ta faɗa.

Tun da ƙwaron gashi ba shi da nauyin da zai kai shi nesa, igiyar fatsar ce ake yi mai kauri da nauyi. Mai fatsa yakan kaɗa ta gaba da baya a iska, nauyinta ya ɗauki ƙwaron ya sauke shi a hankali. Wannan shi ne babban bambancin wannan fatsa da wadda aka saba, mai dalma a baki.

RUWAN DAƊI DA RUWAN GISHIRI

Teku ba ta da ƙwari masu yawa irin na kogi, saboda haka mai ɗauri domin ruwan gishiri yakan kwaikwayi ƙananan kifaye da ƙaguwa da jatan lande. Ƙugiyarsa babba ce, kuma dole ta kasance ta ƙarfen da ba ya tsatsa, in ba haka ba gishiri zai cinye ta cikin 'yan kwanaki. Wani Ba'amurke mai suna Lefty Kreh ya ƙago wani samfuri a ƙarshen shekarun 1950, da gashin kaza dogaye da gashin wutsiyar barewa, wanda ya shahara har gidan wayar Amurka ya sa hotonsa a kan sarki a 1991. Wani kuma mai suna Bob Clouser ya fito da nasa a 1987, inda ya ɗaura idanu biyu na dalma a bayan ƙugiya. Nauyin idanun yana kifar da ita, tsininta ya dubi sama, ta yadda ba ta saurin sarƙewa a ciyawa ko dutse. Wannan dabara ta biyu ita ce ta fi dacewa da ruwa mai ciyawa irin na fadama.

A Afirka ma ana yin wannan fatsa. Ana yin ta a gaɓar tekun Gabon da tsibiran Sishel, ana yin ta a kogin Zambezi domin tsage, ana kuma yin ta a kogin Faro na arewacin Kamaru, inda baƙi suke biyan kuɗi mai yawa su kama giwan ruwa da dare, su auna shi, su sake shi. Ƙasar Kenya kuwa, inda Turawa suka shigo da kifin rafin ƙasarsu a 1905, tana cikin manyan masu ɗaura ƙwarin gashi da hannu domin sayarwa a kasuwannin Turai da Amurka.

FADAMAR HAƊEJIYA DA KIFAYENTA

Kogin Haɗejiya ya samu ne daga haɗuwar kogin Kano da na Chalawa. Bayan ya wuce garin Haɗejiya sai ya shiga ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai jigayin rairayi, ya rarrabu rassa-rassa, ɗaya ya nufi tafkin Nguru ta mashigar Marma, waɗansu su nufi gabas su haɗu da kogin Jama'are, su zama Komadugu Yobe mai zuba a tafkin Chadi. Ƙasashen Auyo da Kirikasamma da Guri da Kafin Hausa duk suna shan wannan ruwa.

Rayuwar kifin fadama da ambaliya take tafiya. Idan ruwa ya cika ya malala cikin Agusta da Satumba, sai kifaye su bar kwarin kogi su bazu cikin ciyawa, su zuba ƙwai. Ciyawar da ruwa ya shanye takan ruɓe ta haifi ƙananan halittu, su ciyar da tsutsotsin ƙwari, su kuma su ciyar da 'ya'yan kifi. Idan ruwa ya fara janyewa sai kifaye su komo kogi da tafkuna, a nan kakar masunta take. Masanin kifi R. L. Welcomme, wanda ya yi aiki da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nuna a littafinsa na 1979 cewa a kogunan fadama yawan kifin da ake kamawa yana bin girman ambaliyar shekarar da ta gabata. Tsofaffin masunta ba su bukaci littafi kafin su san haka ba.

Kowane kifi da tasa hanyar neman abinci. Kawara takan taso sama ta cafke ƙwaron da ya faɗo. Tsage mafarauci ne mai aiki da ido da gudu, haƙoransa kuma suna yanke zare, don haka ake sa guntuwar waya tsakanin igiya da ƙugiya. Masana a Afirka ta Kudu sun wallafa a 2014 cewa sun ɗauki hoton tsage yana tsalle yana kama tsattsewa tana cikin tashi. Giwan ruwa, wanda yakan wuce kilo 100 a manyan ruwaye, yakan laɓe ya jira ƙananan kifaye da magariba da dare. Karfasa ta fi dogara ga gansakuka da ganyayen ruwa, ko da yake takan ɗauki tsutsa. Tarwaɗa da ƙurungu da gashin baki da sansane suke neman abinci a ƙasa. Bargi yana tace laka ne, gaiwa kuwa takan shige cikin taɓo ta kwanta har ruwa ya dawo.

ABIN DA ƘWARON GASHI ZAI IYA DA WANDA BA ZAI IYA BA

Daga wannan bayani za a gane iyakar ƙwaron gashi a Haɗejiya. Yaudarar ido ce, ruwan damina kuwa jawur yake da laka, kifi ba ya hangen nesa a ciki. Ba shi da wari, saboda haka tarwaɗa, wadda take cikin kifayen da suka fi cika kasuwa, za ta fi amsa tana ko ɗan kifi ko gutsuren sabulu, kamar yadda masunta suka saba. Inda zai yi aiki shi ne bayan ruwa ya kwanta ya yi garau, daga kaka zuwa rani, a kan kawara da tsage da giwan ruwa, wani lokaci da karfasa.

Haka kuma kifi ɗaya-ɗaya yake kamawa. Magidancin da yake ciyar da mutum goma da taru ba zai ajiye tarunsa ya ɗauki fatsa ba, kuma duk jami'in da ya je masa da wannan shawara ya cancanci dariyar da za a yi masa. Amfanin sana'ar yana wani wuri dabam. Ɗauri aikin hannu ne na zaune, mai ƙaramin jari, kuma hannun da ya iya ɗinkin hula da aikin wuyan riga ba zai sha wuyar koyonsa ba. Gashin zabo mai ɗigo-ɗigo da na wuyan zakara da na jimina da na ɗawisu duk suna cikin kayan da masu ɗauri na duniya suke nema, biyun farko kuwa zubar da su ake yi a kasuwar kaji. Bayan wannan, fatsa tana zaɓe: mai ita yana ganin abin da ya kama, yana iya sakin ƙarami ko mai ƙwai da ransa, abin da gidan sauro da aka mayar taru ba ya yi. Sa'an nan misalin Faro ya nuna cewa babban kifi mai rai yana iya kawo wa gari kuɗi sau da yawa, alhali in an yi bandarsa sau ɗaya za a sayar. Amma wannan ba ya yiwuwa sai akwai manyan kifayen, su kuwa ba sa samuwa sai da ruwa.

MADATSUN RUWA DA KACALA

An gama madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, aka gama ta Chalawa a 1992, su biyun kuma suna riƙe da mafi yawan ruwan da yake isa Haɗejiya. An kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are a 1976, ita take kula da su da kuma manyan ayyukan noman rani. Ba wanda zai musa amfanin waɗannan ayyuka ga ruwan shan birnin Kano da noman shinkafa da tumatir. Sai dai kuma an biya farashi a ƙasa. Faɗin ƙasar da ambaliya take rufewa, wanda ya kai murabba'in kilomita 2,000 a wajen 1970, ya koma ƙasa da 1,000 a farkon shekarun 1990, bayan madatsu da farin shekarun 1970 da 1980 sun haɗu a kansa.

Akwai kuma illa ta biyu wadda ba a yi tsammani ba. A da kogin yakan ƙafe da rani, ciyawar ruwa ta bushe, dabbobi su cinye, wuta ta ƙone saura. Da aka fara sakin ruwa duk shekara sai kacala ta sami wurin zama. Ta cike mashigai, ta tare laka, ta karkatar da ruwa zuwa Marma da Nguru, inda gonaki suka nutse, alhali waɗansu rassan suka bushe. Cikin duhun kacala ba a jefa birgi, jirgi ba ya wucewa, jan-baki kuma yakan sami mafaka ya addabi manoma. Ambaliyar 2020 da ta 2022, waɗanda suka ci gidaje da gonaki a Jihar Jigawa, ba su warware matsalar ba, domin abin da kifi yake bukata shi ne ruwa mai zuwa a kan kari, ya daɗe gwargwado, ya janye a hankali.

A farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, sun kwatanta amfanin da ake samu daga noma da su da itacen wuta a fadamar da wanda ake samu daga aikin noman rani na kogin Kano. Suka tarar cewa in an auna da yawan ruwan da aka kashe, fadamar ta fi riba nesa ba kusa ba. Shawarar da ta biyo baya ita ce a riƙa sakin ruwa daga madatsun cikin damina domin a kwaikwayi ambaliyar asali.

Idan ruwa ya ragu masunta kuma suka ƙaru, sai idon taru ya riƙa ƙanƙancewa, a datse mashigai da dumba, waɗansu ma su zuba guba. Dokar kamun kifin cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da wutar lantarki. Amma Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma: masunci ya san jami'in da yake zuwa da gaske, ya kuma san wanda rasit kawai ya kawo.

AMANAR TSUNTSAYE

Wajibi ne a yi gargaɗi game da gashi. A zamanin Sarauniya Biktoriya masu ɗauri a Ingila sun yi gasar amfani da gashin tsuntsaye masu wuyar samu daga ƙasashe masu zafi, wannan kwaɗayi kuwa bai mutu ba. A 2009 wani saurayi ya fasa gidan adana kayan tarihin halitta da ke Tring a Ingila, ya sace fatun tsuntsaye 299 domin ya sayar wa masu ɗauri. Yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Nijeriya take ciki, ta taƙaita cinikin irin waɗannan halittu tsakanin ƙasashe.

Fadamar Haɗejiya masauki ce ta dubban tsuntsayen ruwa masu ƙetare Sahara daga Turai da sanyin hunturu, ga kuma na gida irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe. Saboda su aka fara aikin kiyaye dausayin Haɗejiya da Nguru a 1987, aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, aka ƙara Baturiya da Dagona a 2008, hukumar UNESCO kuma ta amince da yankin Haɗejiya da Nguru da Bade a matsayin keɓantaccen muhalli a 2020. Gauraka, wadda a da ake jin kukanta a fadamun Arewa, ta riga ta yi wuyar gani. Duk wanda zai koyar da ɗauri a wannan ƙasa, to, ya tsaya ga gashin kaza da zabo da akuya da zaren roba.

KAMMALAWA

Aikin da ya rataya a wuyan ɗalibai a fili yake. Ana bukatar kundi mai nuna ƙwarin ruwan fadamar wata-wata, da sunayensu na Hausa da na Badanci da na Barbarci, da abin da ake samu a cikin tumbin kowane kifi a kowane lokaci. Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da Kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗejiya, duk suna kusa da ruwan, kayan aikin kuma ba su wuce wuƙa da kwalba da madubin ƙara girma da littafin rubutu ba. Ɗalibin da zai yi wannan aiki ya fara da zama gaban Sarkin Ruwa da dattawan masunta. Hausawa sun ce in kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, ba mai musa masa, su kuwa waɗannan dattawa a ruwan suka tsufa.

Ma'aikata kuma nasu aikin ya fi nauyi. Jadawalin sakin ruwa daga Tiga da Chalawa ya kamata a tsara shi da sanin masunta da makiyaya da manoman fadama na Jigawa da Yobe, a kuma sanar da su kafin a buɗe ƙofa. Yashe mashigai da yanke kacala aiki ne na kowace shekara, a sa shi cikin kasafin kuɗi a haka. Dokar idon taru da ta guba ba za ta yi tasiri ba sai an haɗa hannu da sarakunan ruwa, waɗanda tun kafin zuwan ma'aikatar gona suke da al'adar rufe tafki har kifi ya girma. Idan aka yi waɗannan, kawara da tsage da giwan ruwa za su wanzu, taru ya sami abin kamawa, mai son gwada ƙwaron gashi shi ma ya sami inda zai jefa nasa.